Sauyin Rajistar Uwar Garke: Yadda Yake Gudana da Gyare-gyaren da Ya Kamata a Nema Daga Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Duk ma'aikatar da ke hulɗa da jama'a tana da rajista. Akan same ta a ƙofar asibiti, da teburin magatakardan kotu, da ofishin shugaban makaranta. Kowace rajista kuwa tana da ranar cika. Idan ta cika, akawu yakan rufe ta, ya rubuta a bangonta ranar da aka fara ta da ranar da aka gama, ya kai ta sito, sa'an nan ya buɗe sabuwa. Bayan wasu shekaru kuma sai a duba tsofaffin, a ware waɗanda za a ci gaba da adanawa da waɗanda za a ƙone.

Kwamfutocin da ke raba shafukan intanet su ma suna da irin wannan rajista, suna kuma da manhajojin da ke yi musu aikin akawu. Wannan maƙala za ta bayyana yadda waɗannan manhajoji suke aiki, ta nuna inda suke gazawa a wurare irin su Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa, ta kawo gyare-gyaren da suka dace a nema, da kuma hanyar da ta kamata a bi wajen neman. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, an ƙera waɗannan manhajoji bisa zaton cewa kwamfuta ba ta mutuwa, agogonta ba ya ɓata, ma'ajiyarta kuma tana da yalwa. Inda wannan zato bai tabbata ba, masu amfani da su ne ya wajaba su faɗa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin a shiga bayani, ya kamata a daidaita kalmomi uku da za su yi ta maimaituwa.

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke riƙe da shafukan intanet, tana miƙa su ga duk na'urar da ta nema. Daga cikin manhajojin da suka fi shahara wajen wannan aiki akwai Apache, wadda ta fito a 1995, da Nginx, wadda Igor Sysoev na ƙasar Rasha ya fitar a 2004.

Rajistar uwar garke fayil ne na rubutu zalla wanda manhajar take ƙara wa layi guda a duk lokacin da aka nemi wani abu daga gare ta. Galibi iri biyu ce: rajistar shige da fice, wadda ke ɗauke da buƙatun baƙi, da rajistar kurakurai, wadda ke ɗauke da matsalolin da manhajar ta ci karo da su.

Sauyin rajista kuwa shi ne rufe fayil ɗin da ake kan rubutawa, da buɗe sabo, da matse tsoho domin ya rage cin wuri, da share wanda wa'adinsa ya ƙare. An zaɓi kalmar sauyi maimakon juyi, domin abin da ke faruwa ya fi kama da sauya littafi da littafi.

3.0 Abin da Rajista Ta Ƙunsa da Yadda Take Girma

Tsarin layin rajista da aka fi sani ya samo asali ne daga manhajar uwar garke ta cibiyar NCSA da ke Jami'ar Illinois a Amurka, wadda daga gare ta Apache ta tsiro. Kowane layi yana ɗauke da lambar adireshin na'urar da ta yi nema, da rana da sa'a, da sunan abin da aka nema, da lambar sakamako, da girman abin da aka aika. Lambar 200 tana nufin an biya buƙata, 404 tana nufin ba a sami abin da aka nema ba, 500 kuwa tana nufin uwar garken ce ta sami tangarɗa. Manazarcin Hausa zai so ya lura cewa haruffa masu lanƙwasa ba sa fitowa da siffarsu a cikin adireshi. Kalmar "ƙasa" takan bayyana a rajista a matsayin %C6%99asa, watau harafi guda ya zama alamomi shida.

Amfanin wannan rajista ba kaɗan ba ne. Da ita ake gane dalilin da ya sa shafi ya ƙi buɗewa, da ita ake sanin yawan masu ziyara, da ita kuma ake bin sawun wanda ya yi yunƙurin kutse. Amma tana girma ba dare ba rana. Bayanin da masu Apache suka rubuta ya nuna cewa rajistar shige da fice takan ƙaru da megabait 1 ko fiye a kan kowace buƙata 10,000. Shafi guda kuwa yana iya haifar da buƙatu da dama, domin kowane hoto da ke cikinsa buƙata ce mai zaman kanta. Alal misali, uwar garken da ke karɓar buƙata 200,000 a rana za ta tara megabait 20 kullum, watau fiye da gigabait 7 a shekara. Rajistar kurakurai ta fi wannan haɗari, domin kuskure guda da ke maimaita kansa yana iya cika ma'ajiya cikin 'yan sa'o'i.

Idan ma'ajiya ta cika, abin ba ya tsayawa ga rajista kaɗai. Rumbun bayanan da ke zaune a ma'ajiya ɗaya da ita shi ma ba zai iya karɓar sabon rubutu ba. A asibiti wannan yana nufin a kasa yi wa majiyyaci rajista, a makaranta kuma a kasa adana amsoshin mai jarrabawa.

4.0 Yadda Ake Sauya Rajista

4.1 Manhajar logrotate

Wannan ita ce wadda aka fi amfani da ita a kwamfutoci masu tsarin Linux. Erik Troan da Preston Brown na kamfanin Red Hat ne suka rubuta ta a shekarun 1990. Ba ta zama a farke kullum. Wata manhaja ce mai kula da jadawali take tashe ta, galibi sau ɗaya a rana. Idan ta tashi sai ta duba wani ɗan fayil inda take rubuta ranar da ta sauya kowace rajista a karon baya, ta gwada da ranar yau, ta ga ko lokaci ya yi. In ya yi, sai ta sake wa fayil ɗin suna, ta buɗe sabo da tsohon sunan, ta matse na baya da manhajar gzip, wadda sau da yawa takan mayar da irin wannan rubutu kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa, sa'an nan ta share mafi tsufa.

Akwai wani abu a nan da ke rikita ɗalibai. A tsarin Linux, manhajar da ta riga ta buɗe fayil tana riƙe da fayil ɗin kansa ne, ko da an sake masa suna. Saboda haka uwar garke za ta ci gaba da rubutu a cikin tsohon fayil har sai an aika mata da ishara cewa ta saki wancan ta kama sabo. Haka kuma idan wani ya ga ma'ajiya ta cika ya share rajistar da hannu, wurin ba zai dawo ba muddin uwar garken tana riƙe da ita. Sunan ne ya ɓace, fayil ɗin yana nan yana girma a ɓoye.

Ga manhajojin da ba sa jin irin wannan ishara, logrotate tana da wata dabara, watau ta kwafe abin da ke cikin rajistar zuwa wani fayil, sa'an nan ta wanke ta asalin. Illar wannan dabara ita ce duk layin da ya shigo tsakanin kwafewa da wankewa ya salwanta ke nan. Masu manhajar da kansu sun yi gargaɗi a kan haka.

4.2 Manhajar rotatelogs

Wannan tana zuwa ne tare da Apache. Ita a farke take koyaushe, domin ta hannunta layukan suke bi kafin su sauka a fayil. Ana iya umartar ta da ta sauya bayan wasu daƙiƙoƙi, kamar 86,400 waɗanda su ne yini da kwana guda, ko kuwa idan fayil ya kai wani girma. Da yake ita ce mai rubutun, ba a bukatar ishara, layi kuma ba ya salwanta wajen sauyi. Sai dai ba ta matse tsohon fayil da kanta. Har ila yau, in ba a umarce ta da bin agogon gida ba, agogon duniya take bi, wanda Nijeriya take gabansa da sa'a guda. Ke nan ranarta takan fara da ƙarfe 1:00 na dare a lissafin Jigawa.

5.0 Halin da Ake Ciki a Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne a Masarautar Dutse. A ƙidayar 2006 Birnin Kudu tana da mutum sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991, tana cikin jihohin da suka fara rungumar fasahar sadarwa, tun zamanin mulkin Ibrahim Saminu Turaki daga 1999 zuwa 2007, lokacin da aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure. A Birnin Kudu akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da kwalejin koyon aikin jinya, da tsohuwar kwalejin gwamnati. Tun daga 2015 kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, abin da ya sa ɗalibin ƙauye ma dole ya yi hulɗa da uwar garke kafin ya shiga jami'a. Duk ma'aikatar da ta kafa ƙaramar uwar garke a cikin gininta a wannan yanki za ta fuskanci abubuwa uku.

Na farko, wutar lantarki. Kwamfutar ofis sau da yawa tana aiki ne gwargwadon sa'o'in da janareta ko batirin hasken rana ya ɗauka, da dare kuwa a kashe take. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama, har da Jigawa, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. Tsohuwar manhajar jadawali mai suna cron ba ta rama aikin da ya wuce ta. A tsarin Debian an daɗe ana ajiye ayyukan kullum a ƙarfe 6:25 na safe. Kwamfutar da ba a kunna ta sai ƙarfe 8:00 za ta iya shekara rajistarta ba ta sauya ba. An rage wannan matsala da manhajar anacron da kuma jadawalin systemd, waɗanda ke rama aiki da zarar an kunna na'ura, amma kamar yadda za a gani a gaba, ramuwar ta bar baya da ƙura.

Na biyu, agogo. Kwamfuta tana riƙe lokaci da wani ɗan batiri da ke cikinta, tana kuma daidaita shi ta intanet. Tsohuwar kwamfutar da batirinta ya mutu, kuma ba ta da intanet a lokacin da aka kunna ta, takan farka da ranar da ta wuce da shekaru. Idan logrotate ta tarar da ranar sauyin baya tana gaba da ranar yau, sai ta tilasta sauyi nan take. In haka ta yi ta faruwa, kowane sauyi yana tura tsofaffin fayiloli mataki guda zuwa ga sharewa kafin wa'adinsu ya cika.

Na uku, ƙarancin ma'ajiya da ƙarancin ma'aikata. Sau da yawa kwamfuta guda ce ke ɗauke da shafi da rumbun bayanai da rajista, mutum guda kuma ke kula da ita tare da wasu ayyuka.

6.0 Gyare-gyaren da Suka Dace a Nema

6.1 Suna Mai Nuna Abin da Ke Ciki

Logrotate ba ta karanta abin da ke cikin rajista. Ranar da ta yi sauyi take liƙa wa fayil, ko kuwa ranar jiya idan an umarce ta. A ofishin da aka rufe ranar Juma'a aka buɗe ranar Litinin, aikin Juma'a zai fito da ranar Litinin ko ta Lahadi, duk biyun kuwa ba daidai ba ne. Mai binciken da ya zo bayan wata shida zai buɗe fayil ɗin da ba shi ba. Gyaran da ake bukata shi ne manhajar ta iya duba layin farko da na ƙarshe, ta sa wa fayil suna da ranakunsu, kamar dai yadda akawu yake rubuta "daga" da "zuwa" a bangon littafi.

6.2 Iyaka Guda ga Dukkan Rajistoci

Ana iya gaya wa logrotate girman da fayil guda zai kai, da yawan tsofaffin da za ta ajiye, amma ba ta da umarnin da zai ce dukkan rajistoci a haɗe kada su wuce kaza. Girman ma ba ta duba shi sai lokacin da aka tashe ta. Daɗin daɗawa, matsewa da kwafewa duk suna bukatar fili, domin sai an gama rubuta sabon fayil kafin a share tsoho. Ke nan a ranar da ma'ajiya ta cika, ranar da aka fi bukatar ta, ranar ce take kasa aiki. Akwai abin koyi a manhajar journald ta systemd, wadda a tsarinta na asali ba ta barin rajistarta ta wuce kashi 10 cikin 100 na ma'ajiya, kuma ba ta haura gigabait 4.

6.3 Shakkar Agogo

Idan rana ta koma baya da shekaru, abin da hankali zai ɗauka shi ne agogo ne ya ɓace. Ya kamata a sami umarnin da zai sa manhajar, a irin wannan hali, ta dakatar da sharewa, ta rubuta gargaɗi, ta jira har a daidaita lokaci. Fayil ɗin da aka bari ana iya share shi gobe, wanda aka share kuwa ya tafi ke nan.

6.4 Wa'adi Mai Matakai

A nan fasaha ta haɗu da doka. Sashe na 38 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa masu ba da hidimar sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga na tsawon shekara 2. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuwa ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatar su. Lambar adireshin na'ura tana iya kai wa ga mai ita, har Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2016 cewa tana iya shiga cikin bayanan mutum. A ɗaya gefen, tsarin da logrotate take zuwa da shi yakan ajiye na mako 4 ne kawai, a Debian kuwa rajistar Apache ta kwana 14 ake bari. Wanda bai taɓa tsarin ba zai iya sharewa da wuri, wanda kuma ya hana sharewa gaba ɗaya zai tara sirrin mutane ba bisa ƙa'ida ba.

Ma'aikatan lafiya na Gwaram da Birnin Kudu sun riga sun san mafita a aikinsu na takarda. A ƙananan asibitoci akan cike rajistar kullum da sunayen majiyyata, a ƙarshen wata kuma a fitar da taƙaitaccen rahoto mai alƙaluma zalla, a kai shi ƙaramar hukuma domin a shigar da shi manhajar DHIS2. Haka ya kamata rajistar uwar garke ta kasance: cikakkiya na wani wa'adi, sa'an nan a cire adireshi a bar sauran, daga bisani a bar alƙaluma kaɗai. A yanzu sai mai kula ya rubuta wannan da hannunsa ya liƙa wa manhajar, abin da ba kowa ke iyawa ba.

6.5 Bayani da Hausa

Jagorar waɗannan manhajoji da saƙonnin gargaɗinsu da Ingilishi suke. Wannan gyara ya fi kusa da sassan Hausa na jami'o'i fiye da kowa. Kamar yadda masana suka haɗu suka tsara keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, har aka buga su a 1990 ƙarƙashin jagorancin Ɗalhatu Muhammad, haka ake bukatar a zauna da masana kwamfuta a daidaita kalmomin wannan fanni, a fassara jagorar, a miƙa ta ga masu manhajar.

7.0 Ladubban Neman Gyara

Apache da Nginx da logrotate duk buɗaɗɗun manhajoji ne, watau kowa yana da damar karanta rubutun da aka gina su da shi, ya gyara, ya kuma ba da shawara. Tarihin logrotate ya nuna tana karɓar ƙari. Umarnin sauyi na sa'a-sa'a, da na sanya ranar jiya, da na sauya fayil kafin lokacinsa idan ya yi girma, duk daga baya aka shigar da su. Amma masu kula da ita kaɗan ne, buƙatu kuwa da yawa, saboda haka buƙatar da aka tsara da kyau ita ke samun shiga.

Da farko mai nema ya karanta jagora, ya tabbatar abin da yake so babu shi, ya kuma duba ko wani ya riga shi nema. Sa'an nan ya faɗi lambar fitowar manhajar da tsarin kwamfutarsa, ya kawo umarnin da ya rubuta mata yadda yake. Ya bayyana abin da ya yi tsammani da abin da ya faru, tare da matakan da wani zai bi ya ga matsalar da idonsa. Kada ya gwama buƙatu biyu a takarda guda. Kada kuma ya aika da layukan rajista sai ya goge adireshi da duk abin da zai fallasa wani.

Abu mafi muhimmanci shi ne ya bayyana halin da yake ciki kafin ya kawo maganin da yake zato. Mai manhajar da ke zaune a Turai bai taɓa tunanin uwar garken da ake kashewa kullum da La'asar ba. Idan aka ce masa a ƙara umarni kaza, yana iya ganin ba shi da amfani. Idan kuwa aka ce masa ga kwamfuta mai aiki sa'a 8 a rana, kwana 5 a mako, ga kuma yadda sunayen fayiloli suke fitowa, zai gane cewa irinta suna da yawa a Afirka da Asiya. Wanda ya iya rubuta gyaran da kansa ya haɗa da gwajinsa, ya fi kowa kusa da biyan bukata. Wannan aiki ne da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa za su iya ɗauka a matsayin kundin kammala karatu.

8.0 Kammalawa

An ga cewa sauyin rajista ya ƙunshi hukunci uku: lokacin rufewa, da tsawon ajiyewa, da abin sharewa. An kuma ga cewa manhajojin da ke akwai suna yanke waɗannan hukunce-hukunce ne bisa dogaro da wuta da agogo da yalwar ma'ajiya, waɗanda ba kullum ake samun su a Birnin Kudu da Gwaram ba. Kafin a sami gyare-gyaren da aka lissafa, mai kula da uwar garke yana iya rage haɗari ta hanyar tabbatar da cewa jadawalinsa yana rama aikin da ya wuce, da ware wa rajista nata ɓangaren ma'ajiya dabam da na rumbun bayanai, da sauya batirin agogo, da rubuta wa'adin ajiya a takarda tare da amincewar shugaban ma'aikata. Rigakafi ya fi magani. Sauran aikin kuwa, watau rubuta buƙatun da fassara jagorar, yana jiran ɗalibai da malaman da za su ɗauke shi.